Shagon da ya gano matsalar kati biyu a tsohuwar kwamfutata

Sana'ata haɗa bidiyon biki da yin fastoci, kuma kwamfutar da nake aiki da ita tsohuwa ce, Dell OptiPlex 7010 ce mai tsaye, irin ta 2012, mai Core i5-3470, ta hannu na saye ta amma wallahi ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na sa mata katin hoto, wato katin da ke aika hoto zuwa sikirin, GTX 1050 Ti mai 4GB, komai lafiya lau, har ranar da na ce bari in ƙara sikirin na uku wanda zai kalli kwastoma, saboda na gaji da mutane suna hawa kafaɗata suna leƙen hotunan amarya. To sikirin ɗin da na samu tsohon ramin haɗa wayar hoto da ake kira VGA kawai gare shi, shi kuma 1050 Ti ba shi da ramin VGA, HDMI ne da DVI da DisplayPort. Wani mai kaya ya ce abu mai sauƙi, ya ba ni ƙaramin kati GeForce 210 ya sa min da hannunsa, ya ce ai duka biyun na kamfanin Nvidia ne, 'yan gida ɗaya ne za su zauna lafiya.

Tun daga ranar ban ƙara samun kwanciyar hankali ba. In na kunna sikirin ɗaya ya kawo ɗayan ya yi baƙi ƙirin, in na sake sa direba, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin, sai wanda yake aiki ya mutu wanda ya mutu ya tashi, ga alamar rawaya ta matsala da Code 43 a Device Manager, inda Windows ke jera kayan cikin injin, ga aikin biki biyu a hannuna uwar amarya tana kira safe da yamma. Na koma wajen mai kayan ya ce pawa safulayi ne, wato akwatin da ke ba injin wuta, in kawo kuɗi a canza, wani kuma ya ce madabod, babban allon da ake kafa komai a kai, ya tafi.

Wani abokin sana'a ne ya kai ni wani ƙaramin shago a wajen titin Beirut a nan Kano, kuma shi nake so in ba da labari. Injiniyan matashi ne, na girme shi nesa ba kusa ba. Abin da ya fara burge ni bai ce min komai ya lalace ba. Ya buɗe murfin gefe, ya ɗauko bulowa ya fita da ita bakin ƙofa ya busa, ƙurar hunturu ta tashi kamar an zazzage buhun gari, sannan ya duba ya ce "Yaya, wa ya sa maka katunan nan haka?" Ashe an mayar da babban katin ramin ƙasa baƙi, ƙaramin kuma an ba shi na sama shuɗi. Ya ce tsawonsu ɗaya a ido amma shuɗin layi 16 ne da bayanai ke bi, baƙin layi 4 kawai aka ja masa, ya buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto, ya nuna min da yatsa inda aka rubuta x4. Wato ko da komai ya yi aiki an riga an shaƙe wa babban katin wuya.

Sai ya cire duka biyun ya dinga gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowanne shi kaɗai a ramin sama, kuma kafin kowane gwaji sai ya shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, ya share tsohon direba da manhajar goge direba da ake kira DDU. Abin ya ci lokaci, na zauna a benci har la'asar. Kowane kati shi kaɗai garau yake. Nan ya ce min matsalar ba ta ƙarfe ba ce. Windows direban Nvidia guda ɗaya take ɗauka ga duk katunan Nvidia da ke cikin injin, shi 210 katin 2009 ne kuma direbansa ya tsaya a 342.01, shi kuma 1050 Ti a ƙarshen 2016 ya fito, direban da ya san shi ya wuce nan, don haka babu direba ɗaya da ya san su duka biyun, duk wanda ka sa ɗaya zai zama bare. Kwana tara ina fama, ga amsar a jimla biyu.

Na tambaye shi batun pawa safulayi, ya ɗauki biro ya yi lissafi a bayan kwali. Na injin wat 275 ne, furosesa na cin 77, babban kati 75 wanda ramin da kansa yake bayarwa, ya ce akwai sauran wuri amma ba mai yawa ba, kar in ƙara komai mai ci. Yana da pawa safulayi a kan kanta a jere, da ya ce in saya da na saya, bai ce ba. Na kuma tambaya ko kati biyu na ƙara gudu, ya ce a'a Yaya, wancan SLI ne, wato haɗa kati biyu su yi aiki ɗaya, sai katunan iri ɗaya da madabod mai ɗaukarsa, 1050 Ti ma ba ya yi, na biyun nan sikirin kawai zai riƙe maka.

Ya ba ni zaɓi biyu, ko adaftar DisplayPort zuwa VGA in manta da kati na biyu gaba ɗaya, kuma ya faɗa min gaskiya ita ta fi araha, ko GT 710 wanda yake da VGA kuma direba 472.12 ya san shi ya san 1050 Ti. Ni na taɓa sayen irin adaftocin nan guda biyu suka dinga ƙyafta hoto, shi ya sa na ɗauki 710, wat 19 kawai yake ci. Ya gargaɗe ni kar a ruɗe ni da GT 730 don lambarsa ta fi girma, wasunsu tsohon ƙira ne direbansu ya tsaya a 391.35.

Abin da ban ji daɗi ba, shagon matsattse ne ga ƙarar janareta a bakin ƙofa, ba ya ɗaga waya in yana aiki, ya ce gobe sai da aka yi jibi saboda katin sai da ya aika aka nemo, kuma sai da na roƙa kafin ya rubuta min rasit. Sannan yanzu na ɗaure da tsohon direba, ya faɗa min tun kafin in biya cewa duk ranar da manhajar haɗa bidiyona ta nemi sabo dole 710 ya fita in koma adafta. Ya kuma hana Windows Update canza direba da kanta, ya nuna min inda zan duba in ta sake.

Wata biyu ke nan sikirin uku suna kunnuwa tare. GeForce 210 ɗin ya ce kar in yar lafiyarsa ƙalau, na sa wa ƙanena a tasa kwamfutar shi kaɗai, yana aiki.