Farantin wake a bayan Laleli

Kwana tara muka yi a Istanbul ni da gwaggona. Shekara da shekaru tana aikewa ana saro mata tufafi a unguwar Laleli, sai wannan karon ta ce da idonta za ta je ta gani. Ni ɗan rakiya ne kawai. Aikina riƙe jaka, buga lissafi a waya, da kama bakina idan ana ciniki. A cikin kwanakin nan, sau shida muka ci abincin rana a wuri guda, wani ɗan gidan abinci mai tebur takwas a wani lungu da ke hawa daga Laleli zuwa wajen masallacin Sulaimaniyya. Labarinsa zan bayar, amma sai na fara da wanda ya kora mu can.

Daren da muka sauka na ce bari in burge tsohuwa. Muka hau jirgin ƙasan cikin gari, layin T1, muka sauka a Sultanahmet, unguwar da 'yan yawon buɗe ido ke cika. Ba mu yi taku hamsin ba wani saurayi ya tare mu da littafin abinci mai hotuna da harsuna kala-kala, yana ta washe baki kamar ya ga 'yan uwansa da suka ɓata. Muka shiga. Kafin mu ce uffan an dire mana burodi, ruwan gora, zaitun, da wasu ƙananan farantai uku. Na ɗauka karamci ne. Naman da muka yi oda ya zo a bushe, an kewaye shi da ganye don ya cika ido. Da takardar kuɗi ta zo, duk abin da aka dire mana ba mu tambaya ba yana ciki, har da wani layi da aka rubuta "kuver", wato kuɗin zama da shimfiɗar tebur, kuma na kowane mutum daban. Gwaggo ta juya takardar sama da ƙasa, ta miƙo min.

"Kai, duba min nan da kyau. Abinci muka ci, ko teburin muka saya?"

Na biya ina murmushin yaƙe. Laifina ne rabi, domin tun farkon 2024 dokar Turkiyya ta wajabta wa gidajen abinci su kafa jerin farashi a bakin ƙofa, ni kuwa hotuna na tsaya kallo.

Washegari da azahar, wani ɗan dako da ya sauke mana dila biyu a wajen masu aika kaya ya goge goshi ya nufi wani lungu. Gwaggo ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Bi shi ka gano min inda yake ci. Mai ɗaukar kaya irin wannan ba ya wasa da cikinsa, kuma ba ya wasa da aljihunsa." Haka na bi bayan bawan Allah kamar mai bin bashi, har ya tura wata ƙofar gilashi da tururi ya rufe.

Irin wannan wuri Turkawa na kiransa "esnaf lokantasi", gidan abincin masu sana'a. Babu littafin zaɓi, babu mai kiran mutane a waje. Da ka shiga, ga kanta mai gilashi, a bayanta manyan tire-tire na ƙarfe jere a kan ruwan zafi, kowanne da abin da aka dafa da safiyar ranar. Kukun yana tsaye da ludayi. Ka nuna da yatsa, ya zuba, ka nemi kujera duk inda ka samu, ko da kusa da wanda ba ka sani ba. Ga mutumin da bai iya Turkanci ba, wannan tsari rahama ne: abin da idonka ya gani shi zai zo gabanka, ba ƙari ba ragi. Allon farashi na rataye a saman kanta, kuma kowace lamba takarda ce aka manna a kan wata takardar, har ta yi tudu. Ƙasar da hauhawar farashi ya haura kashi 85 cikin ɗari a watan Oktoban 2022, ba a ɓata fenti wajen rubuta kuɗin miya. Saboda haka ba zan faɗa muku ko lira nawa ba ne, kafin ku je an manna sabuwar takarda. Abin da zan iya cewa, mu biyu muka ci muka ƙoshi da abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin daren farko ba.

To, abincin. Abin da ya sa na koma sau shida sunansa "kuru fasulye". In an fassara, busasshen wake ne kawai, kuma in aka ce maka mutum ya ƙetare teku ya dawo yana yabon wake, kana da hujjar yin dariya. Farin wake ne manya-manya, a cikin jan romo na tumatir da albasa da man shanu. Kowane ƙwaya yana nan a tsaye da siffarsa, bai fashe ba, amma da ka ɗora shi a harshe sai ya narke, ko ɓawon ba ka ji. Romon ba ruwa-ruwa ba ne, ba kuma kauri ba. Yana kama bayan cokali, ga man shanun ya taso a gefe-gefe, ja kamar garwashi. A gefe ake kawo "pilav", shinkafa da aka soya da man shanu da 'yar gajeriyar taliya har taliyar ta yi ruwan ƙasa, sannan aka dafa. Warwar take, ƙwaya ba ta riƙe 'yar uwarta. Na lura da yadda maƙwabcina a tebur yake yi, wani dattijo mai awon tela rataye a wuya: ya ɗebi wake cokali biyu ya zuba a kan shinkafar, ya ciji ɗanyar albasa, ya kai loma, sannan ya yagi burodi ya share romon da ya rage har farantin ya koma kamar an wanke. Na kwaikwaye shi, ban yi nadama ba. Burodin nan cike yake a kwando a kowane tebur, ba a lissafa shi, ka ci iya cinka.

Ba wannan gidan kaɗai ke alfahari da waken ba. In ka ƙarasa hawa tudun, daura da masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya gina wa Sarkin Musulmi Sulaiman tsakanin 1550 da 1557, akwai jerin gidajen abinci da wake ne babban abin da suke sayarwa. Mun gwada ɗaya bayan sallar la'asar. Ya yi daɗi, ga kallon masallaci kyauta, amma na lungunmu ya fi shi laushi, ya kuma fi shi sauƙin kuɗi.

Gwaggo kuwa miyar "merjimek" ce ta sace mata zuciya. Jan adas ne, wani ɗan mitsitsin wake mai faɗi, ake dafawa har ya narke, a tace, ya zama kamar kunu mai ɗan kauri, a kawo da yankin lemun tsami. Watan Nuwamba ne, sanyin Istanbul mai haɗe da iskar teku yana shiga har ƙashi, ita kuma ƙafa na damunta. Kullum da miyar take buɗe ciki, ta riƙe kwanon da hannu biyu tana ɗumama tafinta kafin ta sha. Rana ta uku ba ta ma nuna ba, kukun na hango mayafinta ya ɗauki ludayi.

Kalma ɗaya na koya da ta fi min duk sauran amfani: "az", wato kaɗan. In ka ce "az kuru, az pilav", za a zuba maka rabin faranti a rage maka kuɗi, kuma ba wanda zai kalle ka a matsayin matsolo, haka kowa ke yi. Da wannan dabarar na ɗanɗana kusan duk abin da ke kantar. Akwai gauta doguwa da ake tsagawa a cusa mata niƙaƙƙen nama a gasa, ta yi kyau ƙwarai. Akwai 'yar uwarta marar nama, albasa da tumatir da tafarnuwa da man zaitun, sunanta "imam bayildi", ma'ana liman ya suma. Wasu na cewa daɗi ne ya sumar da shi, wasu na cewa jin yawan man da matarsa ta ƙarar ne. Ni dai ban suma ba, don a sanyaye ake cinta, kuma bakina bai saba da mai a sanyi ba. Kazar da aka dafa da dankali ba yabo ba fallasa. Ƙwallon nama guda huɗu ne a faranti, ƙanana, in nama ka zo nema gara ka nufi masu gashi.

Abin sha, "ayran": kindirmo da ruwa da gishiri, an kaɗa har ya yi kumfa. Kurɓar farko na yamutsa fuska, don zaƙi nake jira. Kafin mu bar ƙasar ni ke neman ƙari, saboda shi ke wanke maiƙon man shanun daga baki. Sai abin da ya fi ba ni mamaki, wani farin abin zaƙi mai danƙo da aka barbaɗa wa kirfa. Na cinye tas, ina santi, sannan telan nan ya nuna farantin, ya buga ƙirjinsa, ya yi kukan kaza. Na ɗauka zolaya ce. Ashe da gaske ne: "tavuk gogsu", ƙirjin kaza ake dafawa a tsattsage shi siriri kamar zare, a haɗa da madara da sukari da garin shinkafa, tun zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ake yinsa. Gwaggo ta ture nata gefe ta ce ita kaza ba ta san ta da sukari ba, kuma ba a wannan shekarun za su saba ba.

Yanzu aibobinsa, don yana da su. Na farko, babu yaji. Akwai ɗan kwanon dakakken jan barkono a kowane tebur, "pul biber", ƙamshi gare shi amma zafinsa na wasa ne. Gwaggo ta juye kusan rabin kwanon a miyarta, sabis ɗin ya tsaya yana kallonta da tire a hannu, ita kuwa ko gezau. Na biyu, lokaci. Daga sha biyu zuwa ɗaya da rabi wurin maƙil yake, za ka iya tsayawa da faranti a hannu kana jiran wani ya tashi. In kuma ka wuce ƙarfe uku, sai ka tarar da gindin tire, waken ya ƙare, abin da ya saura ya huce. Rana ɗaya ciniki ya riƙe mu, muka iso a makare, miya da shinkafa kawai muka samu. Da dare a rufe yake, ranar Lahadi ma haka. Na uku, ba wurin hira ba ne. Kana ajiye cokali an ɗauke farantin, an goge gabanka, an dire shayi, kuma shayin nan sallama ce cikin ladabi. Banɗakin yana ƙasa, matattakalar a tsaye take kuma matsattsiya, mai ciwon gwiwa ya yi alwalarsa a masallaci kafin ya zo. Sannan yawancin masu cin maza ne. Sau da yawa Gwaggo kaɗai ce mace a ɗakin, ko da yake ba wanda ya taɓa ɗaga mata ido, kuma sau biyu ana tashi a ba ta kujerar jikin bango.

Shayin dai na Rize ne, can gaɓar Baƙin Teku inda Turkiyya ke noman ganyenta, ja wur a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, babu madara, da sukari ƙwaya biyu a gefe. Ba su taɓa sa mana shi a lissafi ba. Wajen biya, mai karɓar kuɗi ba ya rubuta komai. Ya tambayi sabis, sabis ya zayyano abin da ka ci da ka, kuma ko sau ɗaya bai yi kuskure ba, na bi da wayata na gani. Sai ya ɗauko kwalbar turaren lemun tsami ya tsiyaya maka a tafin hannu. Aka koya min in ce wa kukun "elinize saglik", wato Allah ya ba hannunka lafiya. Ranar da na faɗa, da karyayyen harshena, sai da ya ajiye ludayi ya dafa ƙirji.

Ana gobe za mu taso na gangara unguwar Eminonu, shagunan da ke kewaye da Kasuwar Masar ta kayan ƙamshi, wadda ke nan tun shekarun 1660. A wajen kasuwar na yi sayayya, ba a cikinta ba, inda na ga matan gari na yi. Na sayi waken Ispir kilo biyu, wanda ake kawowa daga lardin Erzurum, da kwalbar niƙaƙƙen tumatir mai kauri, da barkonon nan marar zafi. Gwaggo ta yi ta mita wai na cinye mata kilo a jirgi da wake.

Gwajin farko a gida ya watse. Na yi ta ba uwargida umarni kamar wanda ya yi shekara a bayan kantar, muka jiƙa na awa biyu, muka ƙure wuta. Rabin waken ya fashe, rabi ya ƙi nuna, romon ya tsaya gefe guda kamar sun yi faɗa. Ta ce in fita mata daga kicin. Karo na biyu ita ta yi abinta: ta jiƙa shi tun dare, ta zubar da ruwan, ta tafasa shi sama-sama ta sake zubarwa, ta soya albasa a man shanu har ta yi laushi ba tare da ta ƙone ba, ta zuba tumatirin ya soyu, sannan ta haɗa ta rufe ta bar shi a kan wuta ƙasa-ƙasa fiye da awa biyu, ba ta juya shi da ludayi ko sau ɗaya ba. Da ta sauke ta hana kowa taɓawa sai da ya huta.

Na zuba a kula na kai wa Gwaggo da kaina. Ta ɗebi cokali ɗaya, ta tauna a hankali tana kallon bango, ta sake ɗiba.

"Wa ya dafa?"

"Ni da ita, Gwaggo."

"Ita dai. Ka ce mata Allah ya ba hannunta lafiya." Ta leƙa cikin ledar da na zo da ita, ta ɗago. "To ina burodin?"