Gargaɗi Kan Masu Cewa Suna Sayen Kwabo Mai Huda Da Miliyoyi

Jama'a, don Allah duk wanda ke da tsohuwa ko tsoho a gida da ke ajiye da kuɗin Bature a ƙasan adaka ko cikin kumbo, ya karanta wannan ya kuma karanta musu.

Makonni uku da suka wuce gwaggona ta kira ni tana murna. Ɗanta ya ga talla a Facebook, hoton kwabo mai huda a tsakiya, an rubuta cewa wani kamfani a Ingila yana sayen kowane ɗaya a kan miliyoyin naira, musamman waɗanda ba su taɓa shiga hannun mutane ba, masu sheƙinsu na asali. Ita kuwa tana da kusan talatin da ta gada a wajen kakarmu, har da anini da ɗari da taro. Suka tura hotuna ta WhatsApp. Ko awa ɗaya ba a yi ba aka ce musu an duba, biyu daga ciki "na musamman" ne. Sai dai kafin a biya, sai an yi rajista. Suka tura naira dubu ashirin da biyar. Bayan kwana biyu aka ce sai kuɗin takardar tantancewa, sannan kuɗin kwastan. A wannan gaɓar ce ta kira ni, tana neman rancen na kwastan ɗin. Tunkiyar da take kiwo ta riga ta tafi.

Na ce mata, Gwaggo, a wace kasuwa kika taɓa ganin mai saye ya karɓi kuɗi a hannun mai kaya? Ko gidajen gwanjo na gaskiya a Landan da Amurka, la'adarsu suke cirewa daga kuɗin da aka sayar, bayan kayan sun isa hannunsu sun gani da idonsu. Babu masanin da zai yanke wa kwabo farashi da hoton waya.

Abin da ke sa mutane faɗawa shi ne waɗannan mutane suna ɗauko gaskiya ƙanƙanuwa su lulluɓe ƙaryarsu da ita. Da gaske ne akwai kwabban da aka sayar da tsada. A 1943 Amurka na cikin yaƙin duniya na biyu, tana bukatar tagulla don kayan yaƙi, sai ta buga kwabonta da baƙin ƙarfe da aka shafe da tutiya, sama da biliyan ɗaya. Wasu 'yan ƙalilan ne aka buga da tagulla bisa kuskure, kuma ɗaya daga cikinsu an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Haka kwabon Ingila na 1933, wanda aka sani bai kai goma ba. Waɗannan labaran suke yaɗawa, ba sa faɗa maka cewa ƙarancin abin ne ya ba shi daraja, tsufa kaɗai ba ya yi.

Namu kwabon fa? An fara buga kwabo da anini masu huda na Afirka ta Yamma a 1907, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci a jikinsu. Daga 1912 aka kafa hukumar kuɗi ɗaya da ke kula da Najeriya, Gana ta wancan lokaci, Saliyo da Gambiya, ana ta buga su miliyoyi shekara bayan shekara. A 1959 Najeriya ta fito da nata, shi ma kwabon da hudarsa, har zuwa 1973 da naira ta shigo. Wanda suka fi ruɗar mutane da shi shi ne na 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta a watan Disamba na shekarar. Sai su ce maka sarkin bai shekara ba, don haka kuɗinsa ya yi wuya. A Ingila haka ne, ba a fitar da kuɗi da sunansa ba. Amma a nan yankinmu an buga miliyoyi an kuma kashe su a kasuwa. Mai tara tsofaffin kuɗi a Turai yana samun irinsa da 'yan daloli kaɗan.

Akwai kuma ɗaya fuskar damfarar, inda kai za a sayar wa. Wani zai zo da kwabbai suna ƙyalli, ya ce sababbi ne fil, ka saya ka ajiye, Turawa na nema. Yawancinsu goge su aka yi da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe. A wajen masu wannan harka, kwabon da aka goge ya lalace, darajarsa faɗuwa take yi, domin suna gane ƙananan zanen goga da madubin ƙara girma. Suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, kuma sai daga 60 zuwa sama ake kiran kwabo wanda bai taɓa yawo ba. Kamfanoni irin PCGS da NGC ne ke tantancewa su rufe shi cikin roba da lamba, lambar da kowa zai iya dubawa a shafinsu. Har robar ma ana yin jabunta, shi ya sa duba lambar ya zama dole. Idan na Amurka na 1943 aka nuna maka mai launin tagulla, kawo maganaɗisu kusa da shi. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi. Wasu kuma na 1948 suke kankare rabin takwas ɗin ya koma uku.

To ko a zubar da su? Ni ban ce ba. Na gwaggo na ce ta ajiye, kada ta wanke, kada ta bari damshi ya taɓa su, ta naɗe kowanne daban cikin takarda. Idan akwai mai kyau da gaske a ciki, zai yi ɗan kuɗi wata rana, kuma ko bai yi ba, da irinsu kakarmu ta sayi gishiri da kananzir, jikoki za su so su gani. Mai son sanin kimarsu ya leƙa wajen masu sayar da kayan tarihi a kasuwar Kurmi ta Kano, ya tambayi mutum biyu ko uku, kayansa na hannunsa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa a ranar, ya kai lambar asusun da rasit da hotunan hirar, sannan ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko EFCC. Kada ya goge saƙonnin don kunya. Mu mun kai namu rahoton, kuɗin dai har yanzu ba su dawo ba. Lambar da suka yi magana da ɗan gwaggo a kashe take, amma jiya na sake ganin tallan, hoton kwabon nan dai, da sabon suna da sabuwar lamba.