Laftof mai RTX 4060 don wasan tuka jirgin sama a tafiyar Bauchi da Gombe: tana aiki, amma sai da soket a kusa

Masu tambayata a inbos wace laftof zan saya in rika buga wasan tuka jirgin sama ko ina cikin tafiya, ga amsarku a dunkule kowa ya dauki nashi, don na gaji da turo bayani daya a murya. Wacce nake rike da ita inci 15.6 ce, furosesa Ryzen 7, katin girafik RTX 4060 mai giga 8, RAM giga 16 ta zo dashi na kara ya zama 32, SSD tera 1. Sunan kamfanin kam ba zan fada ba kar a ce an biyani talla, kuma gaskiya duk masu wannan kayan cikin kusan halinsu daya, kwali da tambari ne suka bambanta. Aikina na hada ni da hanya sosai, yau Bauchi gobe Gombe, wani lokaci Azare ko Kaltungo, so yawancin tashin da nake yi a dakin otal ne ko gidan dan uwa bayan isha'i.

Hukuncina tun daga farko, ta biya kudinta. Amma duk wanda ya ce maka wai zaka zauna a bayan Sharon daga tashar Bauchi kana tuka Airbus har ku wuce Alkaleri, wallahi bai taba rike irin wannan na'ura ba. Laftof din gem idan ka zare mata caja wata aba ce daban, da kanta take rage wa katin girafik wuta saboda batirin ba zai iya bada abinda ake nema ba, hoton ya fara tsalle-tsalle, kuma duk da hakan da kyar ka ci awa daya kafin ta fara kukan caji. Ba laifin kamfani daya bane, batirin laftof ba ya wuce 100Wh saboda shine iyakar da ake barin fasinja ya shiga jirgi dashi ba tare da neman izini ba, ita kuma na'urar idan wasa ya yi zafi tana jan sama da wat 150, to yi lissafin da kanka. Abinda ake nufi da tafiya da ita shine ka dauketa daga soket din Bauchi ka kaita soket din Gombe, shikenan.

Shi yasa nake cewa kafin ka kalli komai ka kalli caja. Tawa wat 230 ce, bulo guda, ita da wayarta sun kusa kilo daya, ka hada da laftof din da ta haura kilo 2, ka sa joyistik da maus da ekstenshan, kafadarka zata gaya maka kafin ka sauka daga Keke. Akwai masu cewa ai tana caji ta USB-C, eh tana yi, amma yawanci wat 100 ne karshenta, ya isa ka yi aikin ofis ko kallo, bai isa wasa ba, zaka ga tana jone amma batirin na sauka. Fawa bank ma haka, kar ka wahalar da kudinka. Sannan wutar otal, kowa ya san yadda take, a tada jen da magariba a kashe tsakar dare ko a sauya layi kana tsakiyar sauka, nan ne batirin yake da rana, yana rike ka minti kadan har wuta ta dawo ba tare da wasan ya mutu ba, abinda mai destof ba zai samu ba sai da UPS. Ni dai ban yarda in jona ta kai tsaye a bangon da ban sani ba, ina yawo da ekstenshan mai kariya daga hawan wuta. Idan kuma inbata ce a gidan da ka sauka to ka nemi izini tukuna, kar ka shanye wa mutane batir fanka ta tsaya musu karfe biyun dare a watan Afrilu, zumunci zai iya baci akan haka.

Sai maganar da tafi ci min rai a kasuwa, wato katin girafik. Mai shago zai ce maka yallabai wannan giga 16 ce girafik dinta, ka bude Task Manager ka shiga wajen GPU sai kaga na katin kanshi giga 4 ne, sauran aro ne daga RAM aka hada aka fada maka. Wanda ake kira dedicated shi zaka duba. RTX 3050 mai giga 4 da RTX 4050 mai giga 6 zasu bude wasan, amma ka nufi babban filin jirgi da babban jirgi sai memorin ya cika ya fara kakarewa. Giga 8 ne inda hankali ke kwanciya. Ita RTX 4070 ta laftof ma giga 8 din ce dai, shi yasa ban ga dalilin karin kudinta ba, a jerin RTX 40 sai ka kai 4080 kafin ka samu giga 12, ita kuma kudinta ya kai na fili a bayan gari.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, suna daya ba karfi daya bane. RTX 4060 ta laftof kamfani na iya bata wuta daga wat 35 har zuwa 115, wasu da kari su kai 140, to sai kaga siririyar laftof mai kyan gani da lambar 4060 a jiki amma an shake katin saboda ba ta da wajen fitar da zafi. Ka sa mai shago ya bude maka NVIDIA Control Panel, a System Information akwai inda aka rubuta Maximum Graphics Power, lambar nan ita ce gaskiyar magana ba sitikar da ke kusa da kibod ba. Idan ya fara cewa ai oga ba sai an duba ba, ka yi masa sallama cikin mutunci.

Kuma kar ka zuba duk kudin a girafik ka manta furosesa, don wasan tuka jirgi ba irin wasan kwallo bane, yana lissafin iska da injin da na'urorin cikin jirgi da sauran jiragen da ke sama duk a lokaci daya, sau da yawa furosesa ce ke rike shi ba katin ba, musamman a kasa kusa da gine-gine. Ryzen 7 ko Core i7 na shekarun nan, masu H a karshen lamba, ba masu U ba da aka yi don aikin ofis. RAM kuma ka tambaya ko ana cirewa, don da yawa daga cikin kananan nan masu inci 14 an like musu shi a jikin bod, yadda ka saya haka zaka mutu da ita. Na so inci 14 sosai saboda rashin nauyi, abinda ya hanani kenan, da kuma kankantar rubutun cikin jirgi.

To wane wasa? Nan ne zama a Bauchi ko Gombe ya bambanta da abinda turawan YouTube ke fada. Microsoft Flight Simulator 2024 da ya fito watan Nuwamba 2024 kusan komai daga intanet yake janyowa kana cikin tashi, kasa, gine-gine, har jiragen. Microsoft da kansu sun rubuta saurin intanet mafi karanci 10 Mbps, wanda suka bada shawara 50, na kwarai 100, RAM kuma 16 mafi karanci, 32 shawara. Yanzu kai da ke hotspot da waya a dakin da sai ka dora ta a taga take kama sabis, ina kai ina 50? Idan netwok ya yi kasa sai kaga kasa ta zama kamar an shafa fenti, ga data na zuba. A gida mai intanet mai karfi yana da kyau ba karya, amma ba abokin tafiya bane.

Na 2020, wanda kamfanin Asobo na Faransa ya hada ya fito a watan Agusta 2020, shi yana zama a cikin na'ura, wajen giga 150 suka ce ka tanada, saukewar farko ce azaba, ka nemi inda ake da waifai mara iyaka ka kwana biyu kana lallabawa. Bayan nan kana iya kashe hotunan kasa na taswirar Bing da yake janyowa daga intanet da yanayin sama na kai tsaye ya yi aiki da abinda ke ciki, kyan ya ragu amma jirgi na tashi, akwai kuma ma'ajiyar da yake adana wuraren da ka saba bi don kar ya sake saukewa. Abu daya, ka bude shi a gida kafin ka kama hanya, kar ka isa masauki ya tsareka da sabuntawa mai nauyi ba ka da yadda zaka yi.

Wanda nafi budewa a tafiya X-Plane 12 ne na Laminar Research, ya fito karshen 2022. Kai zaka zabi yankin duniyar da kake so ka sauke, ni Afirka da Gabas ta Tsakiya kawai na dauka saboda in rika zuwa Jidda, sauran na barsu, lokaci-lokaci ne kawai yake neman intanet ya tabbatar da lasisi. Kasa bata kai ta Microsoft kyau ba, garuruwanmu sai su fito kamar wata unguwa a wata kasa, amma yadda jirgin ke amsa hannu ya fi min dadi, kuma yana zuwa da Cessna 172 da Boeing 737-800. Akwai na gwaji kyauta mai minti 15, ka sa a filash ka tafi dashi shago, in mai kaya ya yarda ka gwada a gabansa kafin ka tura kudi. Mai MacBook ma ya sani, na Microsoft baya hawa Mac amma X-Plane na hawa, kuma su Mac basa rage karfi sosai in an zare caja, don haka in X-Plane kadai ne damuwarka wannan hanya ce, sai dai aljihu.

Yadda take yi a hannuna kuwa, a 1080p da saiti tsakanin matsakaici da sama, karamin jirgi yana tafiya sumul, in tashi daga filin Lawanti in karkata gabas har in hango ruwan Dadin Kowa in juyo, ko in mike zuwa Kano. Babban jirgi a Abuja ko Legas lambar firem, wato yawan hotunan da ke fitowa a dakika, na sauka amma bata kai ga bata rai ba. A wannan wasa firem 30 zuwa 40 a dakika ya wadatar, ba harbi ake ba, shi yasa sikirin mai 240Hz asarar kudi ne a nan, gara mai haske sosai da fadi, in ka samu inci 16 mai dan tsawo ya fi, kana ganin agogunan gaban jirgi da titin sauka tare. Masu RTX 40 suna da DLSS, fasahar da ke rage wa katin nauyin aiki, da abin karin firem a na Microsoft, yana taimakawa, sai dai wani lokaci lambobin gilashin jirgi na dan yin dishi-dishi, ni ina kashe DLSS in zan tuka babba.

Inda take bani haushi zafi da kara. Maris zuwa Mayu a Gombe daki ba AC, furosesa na haura digiri 90 cikin dan lokaci, daga nan ta fara rage gudu don ta ceci kanta, fankokin kuma suna ihu har na dakin kusa ya dauka wani abu ake nikawa, dole sai da hedfon. Kar ka kuskura ka dora ta kan katifa ko darduma, ta kasa take shakar iska, tebur ko tire, ka dan daga bayanta da wani abu. Na rage wa furosesa karfin bust, wato karin gudun da take yi da kanta, a saiti, zafin ya sauka sosai wasan kuma bai canza can ba. Hunturu kuma sanyi na taimakawa amma kura ce ke shiga, in lokacin ya wuce ka kaita wajen mai gyara a bude a hure fanka, ka tsaya a kanshi yana yi.

Joyistik, Logitech Extreme 3D Pro na da arha da juriya amma gindinsa fadi ne baya zama a jaka, Thrustmaster TCA na Airbus ma haka. A gida nake barinshi yanzu sai in zan dade, a gajeruwar tafiya pad din Xbox nake jefawa a aljihun jaka, duka wasannin suna karbarshi, sauka ce kawai ke bukatar hannu mai laushi. Ka kirga ramukan USB kafin ka saya, uku ne mafi karanci, kuma kibod mai bangaren lambobi a dama yana da amfani don nan ake ajiye kusurwoyin kallo.

Kudi kam ba zan rubuta lamba ba tunda dala ke juya shi, sabuwa dai ta haura miliyan nesa ba kusa ba. A shagunan Bauchi da Gombe ba kasafai zaka tarar da irinta a ajiye ba, yawanci sai an yi maka oda daga Kano ko Computer Village ta Ikeja, to ka yi sharadi tun farko sai ka gwada zaka cika kudi. In ta hannu ce, wadda suke kira UK used, ka bude cmd, wato Command Prompt na Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport kaga abinda ya rage a batirin, ka barta tana wasa akalla minti 20 kaji ko zata mutu da kanta, kuma ka tabbata cajar asali ce mai cikakken wat ba wata karama aka hada maka ba, don wannan cajar nemanta daban ba karamin kudi bane. Wanda karfinsa bai kai ba ya nemi RTX 3060 ta hannu mai giga 6 da X-Plane, zai tashi lafiya. Ni abinda ya rage min SSD na biyu ne, tera 1 din ta kusa cika da wasanni biyu da fayilolin ofis, ramin na nan a ciki ina jiran karshen wata.