Launin jel, launin ruwa ko fenti: wanne ya dace da tsohon teburinka?

Mai son sabunta tsohon tebur ko kabad yakan fara da tambayar wace kala zai ɗauka. Ni a ganina wannan ce ya kamata ta zo ƙarshe. Kafin a kai ga kala, sai ka san da me aka yi kayan, me aka shafa masa tun asali, sannan ko so kake ya ƙara duhu ko ya yi haske. Idan ka amsa waɗannan ukun, kusan gwangwanin da za ka saya ya zaɓi kansa.

Abin da ake kira launin jel, wanda za ka ga an rubuta Gel Stain a jikin gwangwaninsa, launin katako ne da aka kaurara har ya zama kamar man shafawa. Ko ka karkata gwangwanin ba ya saurin zubowa. Yawancinsa na mai ne, kuma wannan kaurin shi ne duk sirrinsa: ba ya nitsewa cikin katako sosai, zama yake yi a sama kamar siririn mayafi. Launin ruwa kuwa, wato tsinkakken da kafintoci suka saba da shi, katako ne ke shanye shi. Daga nan duk sauran bambancin ya samo asali.

Mu ɗauki tsohon kaya mai vanish a jikinsa, wanda bai ɓare ba, bai tsattsage ba, kala ce kawai ta dushe ko ta gundure ka. Tsinkakken launi ba shi da abin yi a nan, domin vanish ya toshe hanyar da zai bi ya shiga. Za ka shafa, ka goge, ya biyo tsumma ya dawo maka. Idan ka nace sai shi, to sai ka kankare tsohon vanish ɗin gaba ɗaya har katako ya fito tsirara, ko da samfefa ko da maganin kankare fenti, kuma duk wanda ya taɓa kankare kujera mai sassaƙa ya san ba aikin yini guda ba ne. Jel ne ke raba ka da wannan wahalar. Ka wanke kayan tas, ka bi shi da samfefa mai laushi, lamba 220 zuwa 320, don kawai ka kashe shekin ya sami wurin kamawa, ka share ƙurar, sai ka shafa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa mutane ke sayensa, kuma dalili ne mai ƙarfi.

Amma a san da cewa jel duhu kawai yake ƙarawa. Ba ya mai da kabad mai duhu ya koma fari-fari, kamar yadda ba a rina baƙin yadi ya koma ruwan ƙwai. Mai son haske ba shi da mafita sai kankarewa ko fenti. Kuma duk shafi ɗaya da ka ƙara, zanen jikin katakon ƙara ɓuya yake yi. Shafi na farko yana bari a ga jijiyar itacen, na biyu ya rage ta, zuwa na uku kusan ka yi fenti ne ba ka sani ba. Idan katakon mai kyau ne, irin itacen mahogani ko tik (teak) ko ok (oak), wanda zanensa shi ne adonsa, ni dai ba na jin daɗin ganin an lulluɓe shi da jel mai duhu. Irin wannan ya cancanci wahalar kankarewa da tsinkakken launi, saboda tsinkakken yana shiga ƙofofin itacen ya fito da zanen fili, ya ba shi zurfin da jel ba ya iya bayarwa.

Sai dai ba kowane tsiraran katako ke karɓar tsinkakken launi da kyau ba. Itatuwa irin su fayin (pine), ceri (cherry), mafil (maple) da bac (birch) suna shan launi ba daidai ba: wani wuri ya sha da yawa ya yi baƙi, kusa da shi kuma ya ƙi sha, aiki ya fito dabbare-dabbare. Akwai ruwan share fage da ake shafawa kafin launi don ya rage wannan, amma ƙarin gwangwani ne da ƙarin mataki. Jel, da yake ba ya nitsewa, yana fitowa bai-ɗaya a kansu. Haka idan an haɗa kaya da katako iri biyu, misali saman tebur daban, ƙafafu daban, jel ne ya fi iya sa su yi kama da juna. Idan a tsiraran katako za ka shafa, kada ka goge shi da samfefa mai laushi ƙwarai. Lamba 120 zuwa 150 ta isa, don ya sami ɗan kaushin da zai riƙe launin.

Akwai kuma kayan da ba katako zalla ba ne, kuma su ne suka fi yawa a gidaje yanzu. Wasu an manna musu siririn fallen katako na gaske a kan filawud ko matsattsen garin katako. Fallen nan sau da yawa bai kai kaurin milimita ɗaya ba, don haka ɗan sakaci da injin samfefa sai ka huda shi, kuma ramin ba ya gyaruwa. A nan jel aboki ne, tunda ba ya buƙatar gugar kirki. Wasu kuwa fomika ce ko takarda mai hoton katako. Waɗannan roba ce a sama, babu abin da za ta sha, kuma ko jel ya zauna a kai riƙon ba mai ƙarfi ba ne. Hanyar da ta fi aminci gare su ita ce fentin share fage mai kamawa, sannan fenti. Duba gefen allon ko bayan durowa: idan zanen saman bai zarce ya sauko gefe yadda itace ke yi ba, to manne ne.

Fenti shi ne zaɓin wanda kayansa ya ji jiki: ramuka da aka cike, tabon ruwa mai baƙi, gyare-gyare da katako daban-daban. Yana rufe komai, yana ba da kowace kala, har fari. Abin da za ka rasa shi ne kamannin itace. Akwai kuma gwangwanin da aka haɗa launi da vanish wuri guda, irin PolyShades na kamfanin Minwax. A ido kamar ya fi sauƙi, jifa ɗaya tsuntsu biyu, amma ba a goge shi bayan shafawa, saboda haka duk inda buroshi ya yi nauyi ko ya ɗiga, a nan kalar za ta taru ta bushe. Ban cika ba sabon hannu shawarar fara koyo da shi ba.

To, idan ka tsaya a kan jel, wanne? Sunayen da suka yi fice su ne General Finishes, Minwax, Old Masters da Varathane, dukkansu na Amurka. Na General Finishes yana da kauri sosai kuma yana rufewa da ƙarfi, shi ya sa masu sabunta kabad ɗin kicin suka riƙe shi, musamman kalarsa mai suna Java, ruwan ƙasa mai duhu har ya kusa baƙi. Na Minwax da na Old Masters an rubuta a jikinsu cewa ana iya shafa su a ƙofofin faiba da na ƙarfe, don a ba su kamannin katako. Gaskiya dai bambancin da ke tsakanin waɗannan sunaye bai kai bambancin da ke tsakanin wanda ya wanke kayansa da kyau da wanda bai wanke ba. Abin da zan ce ka duba a gwangwani kafin ka biya kuɗi shi ne: na mai ne ko na ruwa, an yarda a shafa shi a kan tsohon vanish, kuma awa nawa yake so kafin shafi na gaba.

Maganar awanni ita ce inda jel ke karɓar ladansa. Abin da ya rage maka na kankarewa, a jira zai fanshe. General Finishes suna cewa a ba shi awa 12 zuwa 24 a tsiraran katako, fiye da haka kuma a kan tsohon vanish, tunda babu inda man zai nitse sai dai ya bushe ta sama kaɗai. Idan vanish na ruwa za ka ɗora a kai, awa 72 suka ce. Sanyi da laima suna ƙara tsawon lokacin. Na taɓa yin gaggawa da wata durowa: na taɓa da yatsa na ji kamar ta bushe, na ɗora shafi na biyu, sai ga tsumma yana kwaso na farkon, wuri ya yi faci-faci. Dole na wanke da tina na koma farko. Idan ka taɓa ka ji danƙo, ko ƙaurin mai yana tashi sosai, bai yi ba tukuna. Wanda tebur ɗaya gare shi a gida kuma yana son sa gobe, gara ya nemi tsinkakken launi wanda aka haɗa da ruwa, ba da mai ba, mai saurin bushewa, ya haƙura da kankarewar.

Wankin ma ba na jeka-na-yi-ka ba ne. Maiƙon hannu a hannun kujera, hayaƙin girki a kabad, da kakin goge kaya duk suna hana jel kamawa. Mafi muni shi ne folish na fesawa mai silikon, wanda ke sa sabon shafi ya riƙa darewa yana barin ƙananan ramuka kamar idon kifi. Masu General Finishes suna ba da shawarar a haɗa sifirit da ruwa rabi da rabi a goge da soso mai kaushi. Amma fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, domin idan tsohon shafin shelak ne, wato wani irin vanish da ake haɗawa da sifirit, sifirit narkar da shi yake yi. Idan kuwa tsohon vanish yana ɓarewa ko ya tsattsage, jel ba zai ɗinke shi ba. Abin da ke ƙasa in ya tashi, da na sama zai tashi.

Kada ka yi lissafin gwangwani ɗaya kawai. Jel launi ne, ba garkuwa ba, don haka saman tebur da duk abin da hannu ke yawan taɓawa sai an bi shi da vanish, shafi biyu ko uku. Vanish ɗin da ake kira foliyuretan, na mai, ya fi jituwa da jel na mai, yana da ƙarfi, amma yana ja zuwa ruwan zuma da tafiyar lokaci. A kan kala mai duhu ba a ma lura. Na ruwa yana zama garau, ba shi da ƙauri sosai, sai dai shi ne mai buƙatar dogon jiran nan na awa 72. Ko bayan ya bushe, vanish na mai yakan ɗauki kusan kwana 30 kafin ya gama ƙarfi, saboda haka a yi wa teburin sannu a watan farko. Sai kuma tsummokin auduga marasa gashi, safar hannu, tina don wanke kayan aiki, da busasshen buroshi. Buroshin nan yana da muhimmanci idan kayan na da sassaƙa, domin jel yana son taruwa a lungu da kusurwa, inda tsumma ba ya kaiwa, ya daskare ya yi baƙi. A tsaye kuwa, jikin ƙofa ko gefen kabad, ba ka da matsala da shi: ba ya zarara. Yi aiki kaɗan-kaɗan, ka shafa yanki ɗaya ka goge kafin ya fara danƙo, kana bin yadda jijiyar itacen ta kwanta.

Game da yawa, jel yana da auki. Ƙaramin gwangwani mai kusan mililita 240 yana isar kujera ko ɗan teburin gefen gado, babba mai kusan lita ɗaya kuma na kabad-kabad ne. Fara da ƙaramin ka gwada a ƙarƙashin tebur ko cikin ƙofar kabad, domin hoton da ke jikin gwangwani a kan sabon katako aka yi shi, naka kuwa kalar tsohon vanish za ta haɗu da sabuwar ta ba da wani abu daban. Bayan kwana biyu ka karce wurin da farce, ka ga ko ya kama.

Abu biyu na tsaro. Idan kayan tsoho ne ƙwarai kuma fenti ne a jikinsa, mai yiwuwa fentin na ɗauke da dalma, wadda Amurka ba ta hana sa ta a fentin gida ba sai 1978. Ƙurarsa guba ce, musamman ga yara, don haka kada a goge shi a bushe kafin a gwada. Na biyu, tsumman da ya jiƙu da launi na mai yana iya kamawa da wuta shi kaɗai idan aka dunƙule shi aka jefa a kwandon shara, saboda man yana fitar da zafi yayin da yake bushewa. A shanya kowane tsumma a buɗe a waje har ya ƙame, ko a nitsar da su cikin ruwa a gwangwanin ƙarfe mai murfi. Aikin kansa kuma a yi shi inda iska ke ratsawa, nesa da wuta.