Shirin PSLF ya sauke mini bashin karatu

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti da ba na neman riba ba a Amurka, kuma da bashin gwamnatin tarayya na yi karatu. Shekara goma ina biya duk wata, har sau 120, sai shirin PSLF, wato shirin gwamnatin tarayya na yafe bashin karatu ga masu yi wa jama'a hidima, ya yafe sauran. Ranar da na buɗe shafin bashina na ga sifiri, sujada na fara yi kafin na kira Hajiyarmu.

A 2007 aka kafa shirin don ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin taimako. Kuɗin wata yana bin gwargwadon albashina, kuma gwamnatin tarayya ba ta ɗora haraji kan abin da aka yafe ba.

Amma fa sai da haƙuri. Bashin Direct kaɗai ake ƙirgawa, wato wanda gwamnatin tarayya ke bayarwa kai tsaye. Kamfanin da ke karɓar kuɗin ya taɓa zubar mini da lissafin wata bakwai, rasit ɗin da na adana ne suka cece ni. 'Yar'uwa, duk shekara ki kai fom ɗin shaidar aiki ofishinku su sa hannu, kar ki bari su taru.