Fostocin Waza da Binuwai da na sa aka zana min a Garwa

Gidan abincina ƙarami ne, bangonsa kuma fari fat, sai kalandar banki. Wani yaro da ke zane a kwamfuta a wani shagon buga takardu nan Garwa, a arewacin Kamaru, na ba aikin fosta uku: gandun dajin Waza, na Binuwai, da na Buba Njida. Jaka shida kowace, da firam ɗinta. Ba araha ba ne, amma biyu daga ciki sun ci kuɗinsu.

Ta Waza ce ta fi burge ni. Abin da ake sayarwa a bakin titi yawanci hotunan Kenya ne, ciyawa kore shar da dutse mai ƙanƙara a ka, abin da idonmu bai taɓa gani ba a nan. Shi wannan yaro dajinmu ya zana. Ƙasa ta bushe ta tsattsage, itatuwan ƙaya tsirara, sama ta yi jaja-jaja da ƙura, ga duwatsun nan na bakin garin Waza da duk mai bin hanyar Marwa zuwa Kuseri ya sani. Raƙuman dawan kuma irin na Kordofan ne, masu dabbare-dabbare mara duhu, ƙafafu farare daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya tara su a bakin ɗan tafki tare da jimina, kamar yadda suke yi a tsakiyar bazara in ruwa ya ƙafe ko'ina. Kala huɗu kacal ya yi aiki da su. A ƙasa ya sa 1968, shekarar da wurin ya zama gandun ƙasa. Direbobin tirela da ke cin tuwo a wurina su ne alƙalai, kuma wani ya tashi da loma a hannu ya je ya nuna dutsen da yatsa.

Ta Binuwai dorina ce cikin ruwa, kunnuwa da hanci kaɗai a waje. Ta yi kyau, ba ni da ƙorafi.

Rigimar a ta Buba Njida take. Karkanda ya dasa min a tsakiya, ƙato. Na ce masa ɗana, ina ka samo wannan? Ya ce, "Hajiya, ai tana jan ido." To, baƙar karkandar yankinmu an neme ta a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya. Da giwa ya sa, da ya fi, tunda kowa na tuna ɓarnar da mafarauta a kan dawakai suka yi wa giwayen wurin a 2012. Ya yarda zai sake, amma sai na ƙara kuɗin takarda, abin da bai yi min daɗi ba.

Sai rubutu. Na Faransanci ya fito tsaf, na Hausa kuwa duk inda "ƙ" take sai ɗan akwati ya fito, dole ya gyara da alƙalami. Takardar ma ba ta son tururi. Wadda ke kusa da madafa ta fara lanƙwashewa a gefe tun kafin damina ta shigo.

Mai son irin wannan aiki ya nemi a buga masa ƙaramin samfuri a takarda kafin ya biya, don kalar waya da ta inji ba ɗaya ba ce, ya kuma nemi gilashi a firam. Ni yanzu fostar dutsen Rumsiki nake jira, na ce masa kada ya kuskura ya sa zaki a gindinsa.