Gargaɗi ga masu gangar lantarki a Gombe: babu mai iya saka muku EZdrummer a cikin modul

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na makaɗan majami'u ne, da masu situdiyo, da masu kiɗan biki a Gombe da kewaye, har su Billiri da Kaltungo. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook yana tallar cewa zai zuba maka manhajar sautin ganga ta EZdrummer 3 ko Superior Drummer 3 kai tsaye a cikin modul ɗin gangarka, wato ƙwaƙwalwar da igiyoyin faya-fayan ke shiga, ka riƙa kiɗa ba kwamfuta. Yana kuma sayar da abin da yake kira lasisi na asali a farashin da bai kai rabin na kamfani ba. Duka biyun ƙarya ne, kuma ya ci kuɗin mutane a Tumfure da Pantami. Ban ambaci sunansa ba domin sunan da ke kan lambarsa daban, wanda ke kan asusun da ake tura masa kuɗi daban.

EZdrummer da Superior Drummer manhajoji ne na kamfanin Toontrack da ke Suwidin, kuma a kan Windows ko Mac kawai suke aiki. Haka Addictive Drums 2 na XLN Audio, haka BFD3. Aikin modul ɗinka, ko Roland TD-17 ne, ko Alesis Nitro, ko Yamaha DTX, shi ne ya aika saƙon MIDI ta kebul na USB: wane fai aka buga, kuma da wane ƙarfi, daga 1 zuwa 127. Kwamfuta ce ke karɓar saƙon ta fitar da sautin. Cikakken Superior Drummer 3 ya haura gigabait 200. A ina zai zauna a cikin modul?

Dabarar da yake yi ita ce ta fi ɓata mini rai, domin tana kama da gaskiya. TD-17 yana karɓar sautukan WAV, wato fayilolin sauti da aka naɗa, daga katin SD. Sai ya kwafi bugu ɗaya na kik (babbar gangar ƙafa), ɗaya na siniya (ƙaramar ganga mai tsara), 'yan tom-tom, ya ɗora su, ya sauya sunan kit ɗin, wato jerin sautukan gangunan, zuwa EZ3. Ka buga sau ɗaya ka ji sauti mai kauri, ka ce aiki ya yi. Amma darajar manhaja ta gaske tana cikin yawan rikodin ɗin da aka yi wa kowace ganga: bugu mai laushi daban, mai ƙarfi daban, tsakiyar fata daban, bakin ƙarfe daban, kuma tana juya su yadda bugu biyu a jere ba za su fito iri ɗaya ba. Shi kuwa nasa sauti ɗaya ne ake ƙara wa murya a rage. Yi nadi a kan siniya, za ka ji ta-ta-ta kamar keken ɗinki. Masu Alesis Nitro kuma ko wannan ba su samu ba, don modul ɗinsu ba ya karɓar WAV. Sunan kit kawai ya canza ya murɗa ikwalaiza, ya karɓi kuɗi.

Sai batun lasisi. Abin da yake bayarwa a filas kwafi ne da aka fasa. Za ka gane shi da sharuɗɗansa: kashe antibairos kafin ka girka, kada ka haɗa kwamfutar da intanet, kada ka sabunta. Lasisi na gaske yana zama ne a asusun da ka buɗe da imel ɗinka a shafin kamfanin, kuma da manhajar Toontrack Product Manager ake saukewa a kunna shi. Na XLN kuma da Online Installer ɗinsu. Duk wanda ya ce asusun nasa ne, zai shigar maka da kansa, to haya ya ba ka, ranar da ya canza kalmar sirri ka tashi a tutar babu. Kwamfutar situdiyo kuma ba wurin kasada ba ce: waƙoƙin mutane da ba a fitar ba suna ciki, kuma fasassun manhajoji sananniyar hanyar shigar ƙwayoyin cutar kwamfuta ce.

Abin takaici, har kayan kyauta yake sayarwa. MT Power Drum Kit 2 kyauta ne. Steven Slate Drums yana da fitowa ta kyauta. Direban sauti na kwamfuta mai suna ASIO4ALL, wanda yake cajin kuɗi daban a kansa da sunan gyaran jinkiri, shi ma kyauta ne. Na san abin da ke tura mutane hannunsa: biyan kuɗi da dala ba sauƙi, data da tsada, wuta ba tabbas. Amma wanda aljihunsa bai kai ba, ya fara da na kyautar nan. Suna da kyau sosai ga hidimar ranar Lahadi da rikodin na gwaji, kuma halaliyarka ne.

In kuwa za ka saya, gwada a kan gangarka da kwamfutarka, ba a bidiyon da aka turo maka ba. Taka fedal ɗin hayihat, wato faya-fayan kuge biyu da ƙafa ke buɗewa da rufewa, a hankali ka ji ko yana bin ƙafarka daga rufe zuwa rabin buɗe zuwa buɗe. A nan manhajoji suke bambanta. Duba ko akwai saitin modul ɗinka a jerin da ke ciki, EZdrummer 3 yana da na Roland da Alesis da Yamaha. Sannan jinkiri tsakanin sanda da kunne: a bafa (saitin yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar) 128 da saurin 44.1 kHz, bafan kaɗai kusan milisakan 3 ne, hannu ba ya jin sa. In ka ga sai ka kai 1024 kafin tsatsa ta daina, matsalar kwamfutar ce ko rashin katin sauti mai direban ASIO, ba manhaja mai tsada ce za ta gyara ba.

Ga shugabannin kwaya da ma'ajin majami'a: kada ku fitar da kuɗin baiko don wannan aiki sai makaɗinku ya nuna muku rasit da ya shigo imel ɗin majami'a daga kamfanin. Kada kuma ku bari a tafi da modul da sunan aikin zai kwana biyu. Akwai waɗanda har yanzu suke bin nasu.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya ɗauki hoton hirar da shaidar tiransifa tun kafin mutumin ya goge saƙonninsa, ya kai ƙorafi bankinsa da wuri, sannan ya kai rahoto wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Gombe. Wanda ya girka abin da ke cikin filas ɗin kuma, ya kwashe ayyukansa zuwa wani faifan ajiya, ya sa a wanke kwamfutar, ya canza kalmomin sirrin imel da na banki daga wata na'urar daban.